Babur a bayan a-kori-kura, da abin da ya same mu a Dayton

Makonni uku da suka wuce ɗan yayata ya bugo mini waya tun ban gama karyawa ba. Muryarsa kaɗai ta gaya mini an yi sayayya. "Kawu, na samu babur ɗin nan, mun daidaita da mai shi. Yana Dayton. Ranar Asabar za ka raka ni mu ɗauko?"

Shekara ɗaya da rabi yaron nan yana tara kuɗin, daga aikin dare a wani rumbun ajiyar kaya a gefen Columbus, inda bas ba ta zuwa bayan sha biyu. Dala dubu huɗu ya haɗa, ya samu Honda Rebel 500 na hannu. Ni ban so babur ba, uwarsa ma ba ta so ba, amma wanda ya yi gumin neman kuɗinsa ba a yi masa dogon wa'azi.

Tambayar farko da na yi masa ita ce wadda mai karatu zai yi: me ya hana ka hau abinka ka taho? Daga Dayton zuwa Columbus mil 70 ne da 'yan kai, hanya ɗaya miƙaƙƙiya, babbar hanya ta 70. Amsar ita ce doka. Takardar koyo ce a hannunsa, kuma a jihar Ohio mai takardar koyon babur ba ya hawa irin waɗannan manyan hanyoyi, ba ya tuƙi da dare, ba ya goyo. Ga babur ba lamba da sunansa, ba inshora. Wanda kuma yake zaman baƙunta a ƙasar mutane ya san cewa ƙaramin laifin hanya kan zama babbar tambaya ranar da aka zo sabunta takardu. Saboda haka sai ɗauka.

Na je wajen maƙwabcina Alhaji, mutumin zangon Kumasi, wanda ya yi shekara ashirin da wani abu yana jan tirela a ƙasar nan kafin gwiwa ta zaunar da shi. Yana da Ford F-150 mai ƙofa huɗu, wadda mu a gida za mu kira a-kori-kura ko da ta ninka Fijo 404 girma. Ya miƙo mini mukulli, ya ce, "Malam, kana da gadar lodi? Kana da bel?" Na ce kada ya damu, mai babur ya ce yana da katako, ni kuma akwai igiya a but ɗina. Na ƙara da cewa ni fa a tasha na girma, babu irin lodin da ban gani ba. Ya dube ni, ya yi shiru, ya koma ciki. Daga baya na gane ma'anar shirun.

Gaskiya ne na ga lodi. Na ga an ɗaga Boxer an kwantar a bayan mota, majiya ƙarfi huɗu, ɗaya, biyu, uku, an zuƙe man tanki, an ɗaure da robar tayar mota, an kama hanya. Abin da na manta shi ne Boxer kilo ɗari ne da 'yan kai, a tasha kuma hannu ba ya yankewa, kowa ka kira zai kama maka. Rebel ɗin nan ya kusa kilo 190. Bayan motar Alhaji kuwa ya kai ƙugun mutum, kusan santimita 85 daga ƙasa. Mu biyu ne, sai mai babur, dattijo mai ciwon baya.

Da muka isa, aka fara da takarda. A Ohio mai sayarwa ba ya sa hannu a takardar mallaka a kan bonet kawai, sai a gaban notari, mai hatimin shaida, in ba haka ba ofishin rajista ba zai karɓa ba. Muka je banki aka buga hatimi, muka duba lambar jikin babur, haruffa da alƙaluma 17, ta yi daidai da ta takarda. Kuɗi ya shiga hannun mai shi. Ku riƙe wannan, domin daga wannan minti duk abin da ya samu babur, namu ya samu.

Katakon da dattijon ya fito da shi ƙafa bakwai ne, faɗinsa bai wuce tafin hannu biyu ba. Muka jingina shi a murfin baya, ba mu ɗaure ba. Yaron ya kama kan babur ta hagu, ni ina turawa ta baya. Tayar gaba ta hau lafiya. Da ta kai tsakiya, hannunsa ya yi sama da kafaɗarsa, shi yana ƙasa babur yana bisa, ba inda zai taka ya bi shi. Ya ɗaga ƙafa zai haye murfin, ni kuma na ƙara ƙarfi, tayar baya ta daki gindin katakon, bakin katakon ya sulɓe daga murfin. Abin da na ji kawai shi ne ƙarar ƙarfe a kan siminti. Babur ya kwanta ta hagu, ƙafar yaron a ƙarƙashinsa.

Allah ya taƙaita, targaɗe ne a idon sawu, babu karaya. Amma libar kulochi ta karye, madubi ya tashi, tanki ya lotsa a gefe kamar an dake shi da taɓarya. Babur ɗin da ya yi shekaru a hannun dattijon babu ko ƙwarzane, minti arba'in ya yi a hannunmu. Yaron bai ce komai ba. Ya zauna a bakin ciyawa yana kallon tankin, ni kuma na rasa inda zan sa idona.

Na kira Alhaji a bidiyo. Bai ce "na faɗa maka" ba, kuma wannan ya fi ciwo. Ya ce in juya wayar ya ga filin gidan. Da ya ga hanyar shiga garejin tana da gangara zuwa titi, ga kuma ɗan kwari a bakin titin inda ruwa ke bi, sai ya ce, "Ga rabin aikinku nan Allah ya yi muku, kuka bar shi. Juya motar, ka sa tayoyin baya a cikin kwarin, murfin ya fuskanci tudun."

Da na yi haka, tsayin murfin daga inda babur zai taso ya dawo kamar santimita 50. Dattijon, wanda kunya ta kama shi kamar shi ya kayar, ya je wajen maƙwabcinsa ya aro gadar lodi ta gaske, ta alminiyam, mai naɗewa, ƙafa goma, da ɗan lanƙwasa a samanta. Ni kuma na tafi kantin kayan gini na sayo bel huɗu masu ƙugiya da abin ɗamewa, da ƙananan madaukai masu laushi, da katako mai kauri guda.

Bari in tsaya a kan lissafin nan kaɗan, don da na yi shi a gida da ban jawo wa yaron asara ba. Nauyin da kake turawa a kan gada shi ne nauyin babur sau tsayin bayan mota, a raba da tsawon gadar. Kilo 190, tsayi santimita 85, katako ƙafa bakwai wato santimita 213: kana tura kusan kilo 76, kana kuma riƙe da babur kada ya karkata. Gada mai ƙafa goma ta mai da shi kilo 53. Ka haɗa da kwarin da ya rage tsayi zuwa 50, ya dawo kilo 31, abin da mutum biyu za su tura suna hira. Lanƙwasar saman gadar kuma ba ado ba ce. Babur irin wannan cikinsa kusa yake da ƙasa, in kusurwar bakin murfi ta yi tsini sai tayar gaba ta shiga, cikin injin ya daki bakin, ka maƙale a wuri mafi muni, ba gaba ba baya.

Abin da ya kayar da mu dai ba nauyi ba ne, rashin ɗaure gada ne. Alhaji ya sa na ɗaure ta da bel zuwa zoben ƙarfen da ke gefen ƙugiyar jan tirela, na ɗame har ta manne da murfin, na taka ta na yi tsalle ba ta motsa ba. Sannan ya ce a nemo abin takawa. Muka ajiye akwatin kayan aikin dattijon a gefen gadar, domin mai riƙe kan babur ya samu matakala tsakanin ƙasa da murfi. Masu yin abin nan kullum gada biyu suke sawa, ɗaya ta babur, ɗaya ta mutum, ko guda mai faɗi da za ta ɗauki duka biyun.

Maƙwabcin da ya ba da aron gada ya ce shi hawa yake yi ya shigar da nasa da inji. Na ga masu yin haka a YouTube, na kuma ga yadda da yawansu ke ƙarewa. A tsakiyar gada ƙafarka ba ta kai ƙasa, in injin ya mutu ko ka ji tsoro ka saki totur, babu abin da zai tare ka. In kuma ka murɗa da yawa, gilashin bayan mota ne zai tsayar da kai. Ban ba kowa wannan shawara ba. Da inji a kashe muka tura, ni a kai, yatsuna biyu a kan birkin gaba, maƙwabcin a baya, dattijon a cikin bodi yana jira ya karɓa. Ya hau kamar ba shi ne ya kwanta ɗazu ba.

Sai wata matsalar ta fito. Bodin irin waɗannan motoci uku ne a Amurka: ƙafa biyar da rabi, shida da rabi, da takwas. Masu ƙofa huɗu, waɗanda su suka cika gari, yawanci gajeren suke da shi, kimanin santimita 170. Babur ɗinmu ya kai mita 2.2. Tayar gaba ta dafa bangon bodi, ta baya ta sauka a kan murfin, wanda wayoyin ƙarfe biyu ne kawai ke riƙe da shi. Tsayuwa wuri ɗaya ba komai, amma a hanya kowane rami duka ne a kan waɗannan wayoyi, motar Alhaji kuma ta sha gishirin hunturu na shekaru. Amfanin katakon da na sayo ke nan: muka shimfiɗa shi daga cikin bodi zuwa kan murfin, tayar ta zauna a kai, nauyin ya rabu. Wasu kan sa babur a karkace, tayar gaba a lungun hagu, ta baya a lungun dama, har murfin ya rufu. Yana yiwuwa da ƙaramin babur, sai dai ɗaurin ya fi wuya tunda ɓangarorin biyu ba su daidaita ba. Ku kuma leƙa takardar da ke manne a jikin ƙofar direba, an rubuta iyakar nauyin da motar za ta ɗauka, mutane da kaya a haɗe. Babur ɗaya ba zai dami F-150 ba, amma ƙananan motoci da manyan babura irin Harley na doguwar tafiya, masu kusan kilo 400, sai an duba.

Wajen ɗauri ne Alhaji ya zama malami sosai, yana zaune a falonsa yana ba da umarni kamar yana tashar lodi. Na kai hannu zan maƙala ƙugiya a kan hannun babur, ya daka mini tsawa. Ƙarfen kan babur siriri ne, yana lanƙwashewa, robar hannu tana zamewa, ga wayoyin birki da na wuta. Wurin ɗauri shi ne ƙarfen nan mai kauri da ya riƙe sandunan shokazoba biyu a ƙasan fitila. A zagaya masa madauki mai laushi ta kowane gefe, a kula kada a haɗa da tiyon birki, sannan a sa ƙugiyar bel a madaukin, ɗaya bakin kuma a zoben da ke lungun gaba na bodi, can ƙasa. Bel ɗin ya tafi gaba, ya tafi gefe, ya tafi ƙasa, duka uku a lokaci ɗaya: gaba don ya danna taya a bango, gefe don kada ya karkata. Ana ɗame hagu kaɗan, dama kaɗan, har babur ya miƙe tsaye da kansa, sai a ɗage jak ɗin gefe. Kada a bar shi a kan jak. Ramin hanya zai iya lanƙwasa jak ɗin ko ya huda bodin, kuma babur da ke jingine a kan abu mai tauri ba ya bin motsin bel.

Nawa za a ɗame? Nan mutane suka rabu. Wasu na ja har shokazoba ta ƙure, suna ganin ƙarfi shi ne tsaro. Alhaji ya ce kashi ɗaya cikin uku zuwa rabi ya isa. Dalilinsa ya gamsar da ni: in ka bar ta sake, mota ta faɗa rami, shokazoba ta nutse, bel ya yi sako-sako na ƙiftawar ido, ƙugiya ta fice. In ka ƙure ta kuma ka wahalar da ita na awa biyu a banza. Shi ya sa ƙugiya mai ɗan marufi a baki ta fi buɗaɗɗiya. Bel biyu na baya aikinsu kawai su hana gindin babur tsalle ko zamewa gefe, ba sa son ɗamewa sosai. Aka sa giya ɗaya. Tayar gaba kuma, tunda ba mu da wejin ƙarfe da ake sayarwa don wannan aiki, muka zaunar da ita a cikin ɗaya daga kwarmin bodin, muka tokare ta da guntayen katako ta gefe biyu, domin in ta juya, ɗaurin duka ya tashi aiki. Jelar bel da ta rage muka naɗe muka ƙulle. Dattijon ya kawo tamfol zai rufa mana, Alhaji ya ce a'a, iska za ta yi ta kaɗa shi yana goge fenti har Columbus.

Game da igiyar da na zo da ita da alfahari, ba a ko kwance ta ba. Bel na kirki yana da alƙaluma biyu a jikinsa. Babban, wanda ake bugawa da manyan haruffa a kwali, shi ne inda zai tsinke. Ƙaramin, wanda yawanci kashi ɗaya cikin uku ne na babban, shi ne nauyin da aka yarda a yi aiki da shi, kuma shi za ka duba. Ƙa'idar gwamnatin tarayya ga direbobin manyan motoci ta ce jimillar wannan ƙaramin alƙalami na duk bel ɗin da ka sa ya kai aƙalla rabin nauyin kayan, ɗaurin kuma ya iya jure turin da ya kai kashi 80 cikin 100 na nauyin kaya zuwa gaba in an taka birki. A babur ɗinmu, kilo 150 ke nan da ɗoriya ke neman shigowa ta gilashin bayanka. Robar nan mai ƙugiya da ake ɗaure jaka a kariya, ko a mafarki kada ta zo nan.

Ƙa'idar ta kuma ce direba ya tsaya ya duba kaya a cikin mil 50 na farko, sannan duk bayan mil 150 ko awa uku. Ba ta hau kan mai a-kori-kurar gida ba, amma Alhaji ya ce in tsaya tun kafin in hau babbar hanya. Na tsaya a wani gidan mai bayan minti goma, ina ganin ɓata lokaci ne. Bel ɗin dama ya saki har ina iya murɗa shi da yatsa biyu. Sabon bel yana miƙewa, madauki yana gyara zama, taya tana neman gurbinta. Na ɗame. Na sake tsayawa a Springfield, wannan karon komai daram.

A hanya ina tafe a layin dama, madubin tsakiya babu abin da yake nuna mini sai fitilar babur, ina jin motar tana ɗan rangaji a kwana saboda nauyin da ke sama. Abin da ke raina kuwa ba tankin ba ne, motar da ke bayana ce, wata mata da yara biyu a kujerar baya. Gidauniyar AAA ta fitar da bincike a 2016 cewa daga 2011 zuwa 2014 tarkacen kan hanya ya haddasa haɗari sama da 200,000 a Amurka, mutum kusan 39,000 suka ji rauni, sama da 500 suka mutu, kuma kusan kashi biyu cikin uku na haɗarin daga abin da ya faɗo daga mota ne. Kowace jiha tana da dokar hukunta wanda bai ɗaure kayansa ba. A jihar Washington, bayan wani katako ya faɗo daga tirela a 2004 ya fasa gilashin wata budurwa ya makantar da ita, aka yi dokar da ake kira Dokar Maria a 2005, wadda ta mai da abin laifin da kan kai mutum gidan yari in wani ya ji mummunan rauni. Da igiyata na so in hau wannan hanya.

Saukewa ta fi hawa ban tsoro, kuma ba a cika faɗa ba. Babur yana komawa da baya, nauyinsa ya koma tayar baya, in ka damƙe birkin gaba sai tayar ta ja a kan alminiyam kamar a kan sabulu. Dabarar ita ce a bar shi a giya ɗaya, inji a kashe, a riƙe kulochi: ka matse ya gangara, ka saki ya tsaya, tayar baya ta zama birki. Mu kuwa libar kulochinmu tana aljihun yaron, gida biyu. Sai da Alhaji ya tara mana mutum huɗu daga cikin unguwa, aka sake neman tudu, aka ɗaure gada, aka sauke shi taku-taku. Kafin a kwance bel kuma an sauke jak, mutum ɗaya ya riƙe kai, aka fara sakin na dama domin babur ya kwanta a kan jak ɗinsa. Abin ɗamewar nan ba ya saki a hankali, fat ɗaya yake yi, shokazoba ta mimmiƙe ta wurga babur ɗaya gefen.

'Yan uwa da ke Ingila za su ce su ba su da wannan wahala, motar kaya mai rufi suke haya, ƙasanta kusa da titi. Gaskiyarsu. Mu ma a nan kamfanonin hayar motoci suna ba da ƙaramar tirelar babur, mai gada a jikinta da gurbin tayar gaba, tsayinta bai kai gwiwa ba, kuɗin yini guda kuma bai kai na bel ɗin da na saya ba. Motar Alhaji tana da ƙugiyar ja. Na sani tun kafin mu tafi, na ga kamar asarar kuɗi ce.

Liba da madubi na biya, dala tamanin da wani abu. Kwana uku da yaron ya yi bai je aiki ba, su ma na ce a kaina, ya ƙi karɓa, sai da na bi ta hannun uwarsa. Ita kuwa da ta kira daga gida ba ta tambayi babur ba, ta ce, "Kai da na ba ka amanarsa?" Ban da amsa, na ce ta yi haƙuri. Tankin yana nan a lotse. Bakanike ya faɗi kuɗin sabo, yaron ya ce a bar shi haka tukuna, sai ya ci jarrabawar lasin a wata mai zuwa. Bel huɗun suna bayan motar Alhaji, ya ce kuɗin haya ne.